Kwamfutar ol-in-wan: ado a kan tebur, ciwon kai a shagon gyara



Yau maganar kwamfutar tebur ce, kuma tun farko zan faɗi inda na tsaya don kada ka ce na yi maka kwana-kwana. In dai da guminka za ka sayi kwamfuta, kuma a nan za ka yi aiki da ita, da irin wutarmu da ƙurarmu da zafinmu, to kada ka sayi dunƙulalliyar nan da 'yan kasuwa ke kira ol-in-wan. Sayi akwati daban, monita daban. Na san cikin masu karanta wannan akwai masu sayar da ita. Ku yi haƙuri, ba da ku nake faɗa ba, da kayan nake.

Ga wanda bai gane wacce nake nufi ba, ita ce wadda za ka gani kamar siririyar talabijin a tsaye kan tebur, babu akwatin nan da muke ce wa sifiyu a gefe ko a ƙasa. Furosesa, RAM, ma'ajiya, fanka, sifika, kyamara, duk an cusa su a bayan sikirin. Kebul ɗaya za ka jona a bango, shi ke nan. Apple ce ta sa ta yi farin jini da iMac tun 1998, yanzu kuwa HP da Dell da Lenovo kowa yana yi, ga kuma marasa suna da ake shigowa da su daga Chaina. Tana da kyau, wannan babu musu. In ka shiga ofis ka gan ta, sai ka ji mai ofishin ya ƙara girma a idonka. Kyan nan ne yake ɗibar mutane.

To bari mu fara da abin da ke hannunka yanzu, wato wayar da kake karanta wannan da ita. Ka tuna lokacin da batir ɗin waya yake fita? Ka ɓare murfi da farce, ka cire tsohon, ka sa sabo, ko mai gyara ba ka buƙata. Yau komai an like shi da gam. Batir ya kumbura, sai an ɗumama bayan wayar an ɓamɓare shi a hankali. Sikirin ya fashe, in irin AMOLED ne, kuɗin da za mu faɗa maka sai ya sa ka fara tunanin sayen wata wayar. Kullum wannan muke fama da shi da kwastoma a shago. Amma ita waya tana da uzuri: dole ta shiga aljihu, dole ta zama siririya, ana so ta jure ruwa. An haɗe maka komai, an ba ka sauƙin ɗauka a madadinsa. Laftof ma haka, an matse kayanta amma an ba ka batir, ka sa ta a jaka ka tafi makaranta, in an ɗauke wuta ta ci gaba da aiki.

Ita ol-in-wan me aka ba ka a madadin matsewar? Ba ta shiga jaka. Mafi yawansu ba su da batir, ana ɗauke wuta take mutuwa tare da aikin da ba ka adana ba. A kan tebur za ta zauna daga ranar da ka saya har ranar da ta lalace, daidai yadda akwati da monita za su zauna. Ka ɗauki duk larurar laftof, ba ka samu amfanin laftof ko ɗaya ba. Abin da ka saya shi ne raguwar kebul biyu.

Kuma in aka buɗe bayanta, kayan laftof ɗin ne a ciki. RAM ɗinta ɗan guntun nan ne irin na laftof, wasu ma an narka shi a jikin bod da dalma, ba ya fita. Furosesa kuwa nan ne ake yi wa mutane wayo, don haka ka nutsu a nan. Mai kaya zai ce maka “Core i5 ce”, kai kuma ka ji i5 sai hankalinka ya kwanta. Duba harafin da ke ƙarshen lambar. Ga misali daga jenareshan ɗaya, na 8. Core i5-8500, wadda ba ta da harafi a ƙarshe, ita ake sawa a akwatin tebur: ƙwaƙwalwa shida, gudun farawa 3.0GHz, an tsara ta kan wat 65. Core i5-8500T ƙwaƙwalwa shida ce ita ma, amma an rage mata wuta zuwa wat 35, gudun ya dawo 2.1GHz. Core i5-8250U ta laftof ce zalla: ƙwaƙwalwa huɗu, 1.6GHz, wat 15. Dukkansu ukun sitikar da ke jikinsu iri ɗaya ce, i5. Yawancin ol-in-wan mai T ko mai U za ka tarar a ciki, saboda siririn bayan nan ba zai iya fitar da zafin wat 65 cikin sauƙi ba. In aikinka buga takardu ne a Word ba lallai ka ji bambanci ba. Ranar da ka buɗe CorelDRAW da Photoshop tare, ko ka sa bidiyon biki na awa guda ya fita, za ka ji shi a jikinka.

Marasa sunan nan kuwa sai an yi taka-tsantsan sosai. Kwali sabo, leda sabuwa, an rubuta Core i7 da manyan haruffa, farashi kuma ya yi daɗin ji. Ka duba lambar ka ga i7 ce mai farawa da 3, wato jenareshan na 3, na shekarar 2012. Tsohuwar furosesa ce aka saka wa sabuwar riga. Kallon kitse kake yi wa rogo, ɗan uwa.

Yanzu mu zo ranar da abu ya lalace, don ranar tana zuwa, babu na'urar da ba ta zuwar mata.

Ka ɗauka kana da ɗan shagon buga takardu. Lokacin da ɗalibai suka cika maka shago kowa yana son a fitar masa da silif ɗin JAMB, sai sikirin ya fara zane-zane, ko yaro ya ture shi ya tsage. In akwati da monita gare ka, ka zare kebul, ka aro monita a maƙota, ko ka ɗauko talabijin ɗin gida ka jona da HDMI. Minti goma ka koma aiki. Monitan da ya mutu kuma ka maye shi da kowane iri, na kowane kamfani, inci 19 ko 24, duk wanda aljihunka ya kai. In ol-in-wan ce, kwamfutar dungurungum za ka rungumo ka kawo wurin gyara, da fayilolin kwastomominka a ciki. Shago ya tsaya.

Sai kuma matsalar da mutane ba sa hangowa sai sun faɗa ciki: kayan gyara yawan na'ura suke bi. Me ya sa in sikirin ɗin Tecno ko Infinix ko itel ya fashe, kana shiga Farm Centre a Kano za ka same shi nan take? Saboda wayoyin sun cika gari, ɗan kasuwa ya san in ya ajiye ɗari zai sayar. Kawo wata waya da ba a saba gani ba, sai dai a yi oda a jira. Ol-in-wan ɗinka irin wannan baƙuwar wayar ce. Kowane samfuri da irin sikirinsa, da irin bakin kebul ɗin da ke haɗa shi da bod, da inda ramukan noti suke. Mutum nawa ne suke da irin taka sak a garinku? Wa zai daskarar da jarinsa ya ajiye sikirin ɗinta yana jiran ranar da taka za ta fashe? Za ka zaga Beirut Road, a kira Computer Village a Ikeja, ƙarshe a ce sai daga Chaina, ka jira makonni, kuma da dala za a yi lissafi. In mai taɓawa ce, wato wadda ake latsa sikirin kamar waya, kuɗin ya ƙara hawa. Ita wannan taɓawar ma, tsakani da Allah, wa yake wuni da hannu a miƙe yana latsa sikirin mai inci 24? Sati ɗaya ake yi ana nuna wa baƙi, a koma kan mawus.

Ga wuta kuma. Duk mun san yadda ake kawo ta wani lokaci, da ƙarfin da sai ka ji ƙwan fitila ya yi ƙara. Abin da ya fi saurin tafiya a kwamfutar tebur shi ne fawa-fak. A akwatin da aka haɗa kan tsarin ATX, wanda Intel ta fito da shi tun 1995, fawa-fak ɗan akwati ne mai zaman kansa, noti huɗu ke riƙe da shi, kuma na wannan kamfani yana shiga gurbin na wancan. Ka kwance, ka sa wani, ka kunna. A ol-in-wan mai fawa-fak a ciki, an ƙera shi ne daidai da siffar wannan samfurin kaɗai, mun koma maganar oda da jira. Masu adafta a waje irin ta laftof sun fi sauƙi a nan, na yarda. Amma in wutar ta tsallake adafta ta isa bod, to bod ɗin da ya ƙone shi ne mai kunna sikirin, shi ne mai ɗauke da furosesa, sau da yawa an like su tare. Asara ɗaya ta kwashe duka. Ko wacce ka saya dai, kada ka jona ta kai-tsaye a bango, nemi UPS ko aƙalla sitabilaiza.

Ƙura da zafi ma ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya zana kwamfutar nan a ofis mai sanyi ya zana ta, bai san hazon Disamba da Janairu ba, bai san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Fanka tana zuƙo iska, iska tana zuwa da ƙura, ƙura tana toshe hanyar da zafi ke fita. In furosesa ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa kwamfutarsa ta yi nauyi, yana zargin bairos, alhali numfashi ne ya gagare ta. Akwati, noti biyu za ka kwance a baya, wasu ma maɓalli kawai za ka ja, murfi ya fita, ka hure da bulowa a tsakar gida. Ko ƙaninka zai iya. Ol-in-wan fanka ɗaya ƙarama gare ta, a matse, kuma fitilar sikirin tana ƙara nata zafin a wuri ɗaya. Wasu bayansu yana buɗuwa, wasu kuwa ta gaba ake shiga. iMac tun daga samfurin 2012 da gam aka like sikirin ɗinta, sai an yanka gam ɗin a zagaye an ɗaga gilashin kafin a ga fanka. Mu da muke ɓamɓare gilashin waya mai inci shida kullum mun san yadda hannu ke rawa. Ka ƙiyasta inci 27, a kan kayan mutum, don kawai a share ƙura.

Amma a ganina duk waɗannan ba su kai wannan ba: sikirin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ba tare suke tsufa ba. Monita mai kyau ya yi shekara goma yana aiki ba abin mamaki ba ne. Furosesa kuwa zamani ne yake wuce ta ko da lafiyarta ƙalau. Misali yana gabanmu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum. Windows 11 kuma tana da sharaɗi: tana son TPM 2.0, tana son furosesar Intel daga jenareshan na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Ka je ka duba ol-in-wan na hannu da suka cika kasuwa, da yawansu jenareshan na 4, na 6, na 7 ne. Eh, ana iya tsallake sharaɗin da Rufus a ɗora Windows 11 ɗin da ƙarfi, ana yi, amma Microsoft ba ta yi maka alkawarin sabuntawa a irin wannan ba. Mai akwati daban, abin da zai yi shi ne ya sayar da tsohon akwatin ya cika kuɗi ya ɗauki na jenareshan na 8. Monitansa, kibod ɗinsa, mawus ɗinsa, sifikarsa, duk suna nan. Mai ol-in-wan sai ya rabu da lafiyayyen sikirin don kawai ƙwaƙwalwar da ke manne a bayansa ta tsufa.

Za ka ce ai sai a mayar da ita monita. Ba kowacce ke yarda ba. Ramin HDMI da kake gani a bayan yawancinsu na fitar da hoto ne zuwa wani sikirin, ba na karɓa ba ne. Sai wadda aka rubuta HDMI IN a jikin ramin, ita ma a yawanci sai bod ɗinta yana da rai. Dubi iMac mai inci 27 mai sikirin 5K, wadda ta fara fitowa ƙarshen 2014. Har gobe sikirin ɗin nan abin kallo ne. Tsofaffin iMac na 2009 zuwa tsakiyar 2014 ana iya jona musu wata kwamfutar su zama monita, amma daga kan mai 5K Apple ta cire wannan damar. Ga shi kuma a 2025 ta sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau Mac masu furosesar Intel. Akwai masu ƙwazo a waje da suke farke cikinta, su zubar da komai, su sa wani ɗan bod daga Chaina don su ceci sikirin ɗin kaɗai. Wahalar da ake sha ke nan don a raba abin da tun farko bai kamata a haɗe ba. Sabuwar iMac mai inci 24 da ta zo da M1 a 2021 kuwa, RAM ɗinta a jikin furosesa yake. Abin da ka saya ranar farko, da shi za ka ƙare.

Kwatanta wannan da wanda ya haɗa akwatinsa a kan bod ɗin AMD mai gurbin AM4. Gurbin nan ya fito a 2016, kuma daga Ryzen na farko har jerin 5000 duk a cikinsa suke zama. Bod da yawa sabunta BIOS kawai suke buƙata. Mutum ya fara da ƙaramar furosesa, bayan shekara huɗu ya ɗaga ta ya sa babba, bai taɓa komai ba. Yana son gyaran bidiyo ko gem, akwai dogon ramin PCIe, ya soka katin hoto. Ko siririn akwatin ofis yana karɓar gajeren kati irin GT 1030, wanda wat 30 kawai yake ci. A ol-in-wan babu ramin, babu wurin, babu wutar.

Abokan sana'ata masu gyaran waya, ku kam ban ga dalilinku ba sam. Wanda yake wuni yana filashin, Odin a nan, SP Flash Tool a can, dongul biyu uku a soke, ana zare kebul ana mayarwa sau ɗari a rana, ramin USB ne yake fara gajiya. A akwati, na gaba ya saki ka koma na baya, ko ka sayi katin USB ka soka a PCIe ka samu sababbi huɗu. A ol-in-wan ramukan a jikin bod suke, kuma a baya, kullum kana leƙe kana lalube. In ɗaya ya karye, sai an kwance kwamfutar gaba ɗaya an kai bod ƙarƙashin iska mai zafi.

To, masu kare ta suna da magana ɗaya mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa ba ta cin wuta. Gaskiya ne, tunda kayan laftof ne a ciki dole ta fi babban akwati sauƙin ci. Amma mu yi lissafi. A ce ma bambancin wat 40 ne, kana aiki awa takwas a rana. Wat-awa 320 ke nan, bai kai sulusin yunit ɗaya ba. Ko da farashin Band A da aka kai naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, naira 72 ne a rana. Shekara nawa za ka yi kana tara naira 72 kafin ta kai kuɗin sikirin ɗaya da aka yi oda daga Chaina?

Inda maganar tasu ta fi ƙarfi shi ne wurin mai sola da inbata, wanda kowane wat yake lissafawa don batir ya kai shi dare. Shi ma ba ol-in-wan ce amsarsa ba. Akwai ƙananan akwatuna da girmansu bai wuce littafi mai kauri ba: Dell ta kira nata OptiPlex Micro, HP tana da EliteDesk Mini da ProDesk Mini, Lenovo kuma ThinkCentre Tiny. Na hannu sun cika kasuwa, saboda ofisoshin Turai da Amurka suna sauke su da yawa. Adafta irin ta laftof suke amfani da ita, yawanci mai wat 65. Furosesarsu mai T ce, don haka kada ka sa ran ƙarfin babban akwati, ƙarfinsu ɗaya da ol-in-wan ɗin da muke magana. Amma noti ɗaya za ka kwance murfi ya zame, ga ramin RAM biyu, ga wurin SSD, ga fanka a fili. In kuma tsabtar tebur ce ta dame ka, juya monitanka ka ga ramukan noti huɗu a baya, tsakaninsu santimita goma-goma a yawancin monitoci. Ana sayar da ɗan ƙarfen da ake ɗaure ƙaramin akwatin a nan. Ka ɗaure, ka tattara kebul da roba, ka sa kibod da mawus marasa igiya. Duk wanda ya shigo zai rantse ol-in-wan ce. Su kansu kamfanonin sun san da wannan: Lenovo tana yin monita mai aljihu a baya da ake zura Tiny a ciki, Dell ma a 2019 ta fitar da OptiPlex 7070 Ultra da ke ɓuya a cikin ƙafar monita. Da haɗewar alheri ce, me zai sa su koma suna raba ta?

Wanda kuma ya ce shi matsalarsa ɗauke wuta ne, to laftof zai saya, ya jona mata monita in yana gida. Ya samu batir, ya samu babban sikirin.

Maganar kuɗi ma tana tare da mai rarrabewa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan kwamfuta suka bi ta. Mutum nawa ne cikinmu za su iya dire kuɗin kwamfuta a dunƙule rana ɗaya? Ol-in-wan ba a sayen rabinta. Akwati kuwa ka saye shi wannan watan, ka jona da talabijin ɗin ɗaki ka fara aiki. Wata mai zuwa ka sayi monita. In aiki ya buɗe ka ƙara RAM daga 8GB zuwa 16GB. Kuma monitan nan ba na kwamfuta kaɗai ba ne: dikoda tana hawa, PlayStation tana hawa, in kana da babbar Samsung mai DeX, wanda ya fara tun Galaxy S8 a 2017, ka jona wayar da kebul ɗin USB-C zuwa HDMI ta buɗe maka kamar kwamfuta. Ba kowace waya mai USB-C ke fitar da hoto ba fa, ka bincika taka kafin ka sayi kebul.

Ban ce ɓangarena babu aibi ba. Akwatin ofis na Dell da HP da Lenovo, waɗanda su ne muka fi samu na hannu, da yawansu fawa-fak ɗinsu ba ATX ba ne, kowane kamfani da irin bakinsa, wani fil shida wani takwas. Sauƙin abin shi ne suna da yawa a kasuwa, ana samun na cirewa. Sannan ka sa a lissafi cewa akwati ba ya zuwa da kyamara ko sifika mai kyau, wani ma babu Wi-Fi. Ɗan dongul na USB yana maganin Wi-Fi, ko ka jona wayarka da kebul ka ba shi intanet, kyamara ma wayarka za ta iya da manhaja irin DroidCam. Ka haɗa kuɗin waɗannan duka kafin ka kwatanta farashi, kada ka zo ka ce ban faɗa ba.

Akwai kuma inda ol-in-wan ta dace: teburin karɓar baƙi a banki, otal ko asibiti, inda wuri ya yi kaɗan, akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai waranti, kuma in ta mutu sitoo za a shiga a ɗauko wata. Kuɗin ma'aikata ne. Kai da in taka ta tsaya abincin gidanka ya tsaya, lissafinka daban ne da nasu.

In duk da haka ranka ya riga ya biya, ko an ba ka wata a farashin da ba za ka iya bari ba, to kada ka yi cinikin biri a sama. Sa a kunna ta a gabanka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka karanta cikakkiyar lambar furosesa da idonka, kada ka tsaya kan sitika. Lambar da ke bin i5 ko i7 ta fara da 8 ko 9, ko ta zama 10 zuwa sama, sannan ka lura da harafin ƙarshe. A wurin Memory zai nuna maka ramin RAM nawa ne da nawa aka cika. Duba ma'ajiya ka tabbatar SSD ce, in ka ga eMMC ka ajiye musu kayansu, don a like take kuma ƙarama ce. Buɗe farin shafi ya cika sikirin, sannan baƙi, ka nemi ɗigo ko zane ko wurin da haske ya yi dishi-dishi. Juya bayanta ka nemi HDMI IN. Ka fifita ta ofis, irin OptiPlex ko EliteOne ko ThinkCentre, su bayansu yana buɗuwa ba sai an taɓa gilashi ba. Sannan ka ce wa mai kayan ya buɗe bayan a gabanka ya nuna maka RAM da SSD, kuma ka tambaye shi in sikirin ɗin ya fashe gobe, a wane shago za a samu, nawa ne. Ka sa ya kira shagon kana tsaye.